Ƙafar Garnet ta Hagu

Duk wanda ya san sunan ƙanena Garnet Holowaty a ƙasar nan, abu ɗaya ya sani a kansa: shi ne ɗan bayan da ya ci gidansu a wasan ƙarshe na neman kofi. Shekara goma sha biyu ya yi yana buga hokin ƙanƙara a babbar gasa, wasa ɗari takwas da 'yan kai, amma abin da ya faru cikin daƙiƙa biyu shi kaɗai mutane suka riƙe. Ni ce yayarsa, sunana Marlys, kuma na san abin da ke cikin takalminsa a ranar.

A gonar alkama muka tashi, arewa da Yorkton, a Saskatchewan. Akwai tafki bayan rumfar shanunmu da ke daskarewa tun watan Nuwamba. Shekara huɗu na ba Garnet, kuma ni na koya masa zamiya da baya a kan ƙanƙara, ba don alheri ba, sai don ina neman wanda zan riƙa wucewa da faifan roba, abin da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo. A lokacin 'yan mata ba su da ƙungiya a garinmu, don haka shi ne abokin karawata. Ni ke kai hari, shi ke tarewa. Kafin ya kai shekara goma sha biyu na daina iya wuce shi. Bai taɓa damuwa da cin raga ba. Babanmu yakan tsaya bakin tafkin da kofin shayi ya ce, "Wannan ko an buɗe masa ragar mutane, sai ya waiwaya ya duba tasa tukuna."

Yana da shekara goma sha shida ya bar gida. Ya yi shekara huɗu a gasar matasa, sannan wata ƙungiya ta gabas ta ɗauke shi can ƙarshen jerin, bayan an gama zaɓen duk waɗanda ake so. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, bakina ba zai ɗauka ba. Suka ajiye shi shekara biyar a ƙaramar ƙungiyarsu, yana kwana a motar bas daga wannan gari zuwa wancan. Haƙoransa na gaba huɗu a can ya baro su. Sai da ya cika ashirin da biyar suka kira shi sama.

Aikinsa shi ne ya sa jikinsa inda kowa ke kawar da nasa. Faifan nan roba ce daskararriya, idan ƙato ya make ta da sanda tana gudu fiye da mota a babbar hanya, Garnet kuma sai ya durƙusa a gabanta. Aka haɗa shi da wani Réjean Falardeau, ɗan baya shi ma, amma irin wanda ba ya zama a baya. Falardeau ya kwashi faifai ya yi gaba, 'yan kallo su miƙe tsaye, Garnet ya tsaya shi kaɗai yana tsaron wurin mutum biyu. Shekara tara suna haka. Hoton Falardeau ne a jikin motocin bas na birnin da ƙungiyar take. Na taɓa yi wa Garnet maganar, ya yi dariya da wannan giɓin nasa ya ce, "Yaya, in na bi shi gaba, wa zai tsaya? Ke?"

A shekararsa ta goma sha biyu, yana da talatin da bakwai, suka kai wasan ƙarshe na kofi a karon farko. Wasa bakwai ake yi, wanda ya fara cin huɗu shi ke ɗauka. Na bar wa mijina shuka, na hau jirgi, na sauka gidan Garnet da matarsa Noreen. A wasa na shida, ranar Juma'a, ya tare wani bugu da ƙafar hagu. Na ga ya miƙe a hankali, amma ya ƙarasa wasan. Aka cinye su, aka koma uku da uku. Saura wasa ɗaya, ranar Lahadi da rana.

Asabar da safe na ga ƙafar. Ta yi baƙi, ta kumbura kamar burodin da aka manta a tanda, 'yan yatsun ma sun nutse. Likitan ƙungiya ya riga ya ɗauki hoton ƙashi, karaya biyu ce a tsakiyar ƙafar. Ina kicin ina murza ƙullin firohi, abincin gidanmu mai kama da samosa, ina cusa dankali da cuku, sai kocinsu ya shigo, Royce Tillbrook, mutum mai taushin murya da tsadar riga. Ya zauna a falo kusa da ƙafar. Ƙofar kicin a buɗe take, komai a kunnena aka yi shi.

"Ba tilasta maka zan yi ba, Garnet," in ji shi. "In ka ce ba za ka iya ba, shi ke nan. Sai dai wanda zan sa a madadinka wasa tara kacal ya taɓa bugawa. Réjean kuma ka san shi, in ba kai ne a bayansa ba ba ya iya komai."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce zai iya kashe maka wurin da allura. Ba za ka ji komai ba. Awa uku ne, daga nan ka huta har kaka."

Na fito da gari a hannuna na ce, "Malam, in bai ji komai ba, ta yaya zai san inda ƙafar take?"

Tillbrook ya dube ni ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai kawo abinci. "Wannan ce yayar? Na sha jin labarinki."

"Tambaya na yi maka."

"Yaya, bari," in ji Garnet.

Kocin ya juya gare shi kamar ban yi magana ba. "Abu ɗaya dai, kada kowa ya ji. In waɗancan suka sani, ƙafar za su nufa. Amma da an tashi, ci ko rashi, ni da bakina zan gaya wa duniya da me ka buga wasan nan. Na yi maka alkawari."

Ya ci firohina guda shida kafin ya tafi. Har yau ina jin haushin wannan ma.

Ranar Lahadi aka yi wa ƙafar allura sau uku, aka tsaga gefen takalmin kafin ta shiga. Garnet ya buga minti ashirin da shida, fiye da kowa in ban da Falardeau. Ina zaune kusa da Noreen, ta riƙe hannuna har sai da ya yi sanyi. Aka tashi biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci shi ke da kofi. Minti bakwai da farawa Falardeau ya kwashi faifai ya yi gaba, ya so ya wuce mutum uku, aka ƙwace. Biyu daga cikin abokan karawar suka taho a guje, Garnet kaɗai ne tsakaninsu da mai tsaron raga. Ya yi abin da ya yi sau dubu, ya ja da baya yana tsakiyarsu. Na dama ya tura wa na hagu. Abin da ya rage kawai Garnet ya juya a kan ƙafar hagu ya kawar da faifan da sanda. Jikinsa ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Faifan ya daki ƙarfen takalmin, ya sauya hanya, ya silale ta ƙarƙashin mai tsaron ragarsu.

Mutum dubu goma sha takwas suka yi tsit. Garnet yana tsaye yana kallon ƙafarsa kamar ta wani ce.

Muka tsaya a lungun da iyalan 'yan wasa ke jira, akwai talabijin a bango. Tillbrook ya zauna gaban 'yan jarida, ya gyara wuyan riga. Na ce wa Noreen, "Yanzu zai faɗa." Aka tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Kowa ya gani. A wasa irin wannan dole ne mutum ya san inda ƙafarsa take." Wata 'yar jarida ta tambaya ko akwai wanda ya buga da rauni. Ya ce, "Kowa lafiyarsa ƙalau. Ba mu da wani uzuri."

Daga baya na gane dalili. A shekarar hukumar gasa ta fara bincike a kan ƙungiyoyin da ke kashe wa 'yan wasa rauni da allura su tura su fili. In maganar ta fito, likita zai rasa aiki, koci ma zai amsa tambaya. Ga kuma mutum a tsaye wanda duk ƙasa ta ga faifai ya daki ƙafarsa. Ba su ma sha wahalar nema ba. Da aka kai wa Garnet makirufo, kalma biyu ya faɗa: "Laifina ne."

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. An jefi gidansu da ƙwai. An rubuta wa motar Noreen zagi da ƙusa. 'Yarsu ta dawo daga makaranta ta ce ba za ta sake komawa ba. Gidajen rediyo suka kwashe mako biyu suna kiransa tsoho, suna cewa da ya san darajar kansa da ya ajiye sanda tun bara. Babu wanda ya ambaci wanda aka ƙwace faifan a hannunsa. Aka yi wa Garnet aiki a ƙafar a ɓoye a wani asibiti, likitan can ya ce ƙasusuwan sun gogi juna har sun farfashe, ya tambaye shi ko mota ce ta taka shi. Yana kwance da ƙafa a sama aka bugo waya daga ofishin ƙungiya. Ba manaja ba ne, ba koci ba ne, wata ma'aikaciya ce aka ba takarda ta karanta masa: suna godiya, ba za su sabunta kwantiraginsa ba. Shekara goma sha bakwai yana hannunsu, wayar ba ta kai minti biyu ba. Falardeau ya kira sau ɗaya, ya yi maganar kamun kifi.

Garnet ya gwada ƙaramar gasa, wasa ashirin ya buga ƙafar ta ƙi. Sai ya kwaso iyalinsa ya dawo gida, ya karɓi rabin gonar babanmu. Yana ɗingishi, in sanyi ya tsananta sai ya ja ƙafar. A rumbun hatsi na gari ana tsokanarsa. In ya kawo alkama sai wani ya ce, "Holowaty, ka tabbata a rumbunmu za ka zuba, ba na maƙwabta ba?" Ya yi dariya tare da su. Ni kuwa sai in ji kamar in kifa wa mutum kofin shayi a ka.

Sau nawa na ce masa ya yi magana. Amsarsa ɗaya ce: "Abin da aka yi a ɗakin sauya kaya, a can yake zama. Ke ba ki taɓa shiga ba, ba za ki gane ba."

"Ba a bar ni na shiga ba ne," in ce masa. "Kuma a falonka aka yi wannan, ina tsaye."

"Yaya, na ce ki bari."

Na bari shekara takwas. Tillbrook kuwa ya ci kofi da wata ƙungiyar, ya dawo tsohuwar a matsayin shugaba. Wata Asabar da yamma ina guga, aka nuna doguwar hira da shi a talabijin. Aka kawo maganar wancan wasa. Ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a, sannan ya ce, "Na ga Garnet ya rage sauri tun tsakiyar shekara. Ya kamata in ajiye shi a wasan ƙarshe. Amma ya zo ya roƙe ni, na duba shekarun da ya yi mana, na kasa ce masa a'a. Babban kuskurena a aikin nan shi ne tausayi."

Na zare wayar guga. Na ɗauki mota na tafi wurin Noreen, na san Garnet yana Yorkton sayen kayan tarakta. Ita ma ta gani, idonta ya yi ja. Na ce ina son takardun asibiti. Ta ce, "Yaya Marlys, ya sa ni na rantse ba zan ba kowa ba." Sannan ta ce, "Zan je in duba kaji. Kada ki buɗe aljihun teburin nan na ƙasa, yana da wuyar rufewa."

Na buɗe aljihun, na kwashe takardun, na kai wa wata 'yar jarida a Regina, Sheila Friesen. Ta zauna da ni awa uku, ta duba ranakun da ke kan hotunan ƙashi, ta kira duk wanda za a iya kira. Labarin ya fito ranar Laraba, a shafi na uku na wasanni. Na ɗauka ƙasa za ta girgiza. Ƙungiya ta fitar da layi biyu, wai ba su da wani rubutu a kan haka. Likitan ya yi ritaya, ya ƙi ɗaukar waya. Falardeau ya ce abin ya daɗe, ba ya tunawa. Tillbrook ya ce yana yi wa Garnet fatan alheri, kuma ya fahimci cewa barin wasa yana da wuya ga wasu. Sai tsofaffin 'yan wasa suka hau talabijin, mutanen da Garnet ya tare wa bugu da haƙarƙarinsa, suna cewa kowa yana buga wasa da ciwo, namiji ba ya zuwa bayan shekara takwas ya turo yayarsa ta nema masa uzuri.

Washegari Garnet ya zo gidana. Bai shigo ba, a tsakar gida ya tsaya, bai ko kashe motar ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Wa ya sa ki?"

"Ƙarya Tillbrook ya yi maka a gaban duniya, Garnet. Cewa ya yi kai ka roƙe shi."

"Na ji. Ina da talabijin."

"To sai in yi shiru?"

"Sun karɓe kofi, sun karɓe aikin, sun karɓe ƙafar," in ji shi. "Abu ɗaya ya rage mini, ban taɓa yin ƙorafi ba. Duk wanda ya buga da ni ya san wannan. Shi ne ke kuma kika zo kika karɓe."

Na ce, "Waɗanda suka san haka ina suke? Wane ne a cikinsu ya buɗe baki saboda kai?"

Ya shiga mota ya tafi. Daga shuka har girbi bai taka gidana ba. A coci yakan zauna ɗaya gefen, in an tashi ya fita ta ƙofar baya. Gonakinmu suna haɗe, ina hango taraktarsa daga tagar kicin.

A watan Agusta mai tsaron ragarsu na wancan lokaci, wani ɗan Finland mai suna Veikko Rautio, ya rubuto wa Sheila wasiƙa daga garinsu. Ya ce kujerarsa tana kusa da ta Garnet a ɗakin sauya kaya, ya ga allura uku da idonsa, shi ya riƙe takalmin aka tsaga. Ya ce ya yi shiru ne don yana tsoron aikinsa, kuma yana jin kunya. Sheila ta buga wasiƙar. Wata jarida ɗaya a gabas ta ɗauka, sauran ba su kula ba, an riga an shiga maganar sabuwar kakar wasa.

Da girbi ya zo mijina ya kwanta da ciwon baya, ga rediyo yana cewa ruwa na tafe ƙarshen mako. Ina tsaye ina kallon kadada ɗari uku na alkama, sai na ga motar girbin Garnet ta shigo ta gefen arewa ta fara yanka. Bai ce da kowa komai ba. Da rana ta take na kai masa abinci, tsiran alade da kabeji da shayi a fulas. Ya sauko da ƙyar, muka zauna a inuwar taya. Ya cire takalmin hagu, kamar yadda yake yi duk inda ya zauna.

"Veikko ya kira ni," in ji shi bayan ya ci rabi. "Kuka yake yi a waya. Ƙato da shi."

"Ya kamata ya yi."

"Ban yafe miki ba fa, Yaya."

"Ban roƙa ba."

Ya kurɓi shayi. "Kin san abin da ba ki gane ba? Ba wanda ya danne ni aka yi allurar nan. Ni na miƙa ƙafar. Da a ce yau ne, wasa na bakwai, aka sake tambayata, zan sake miƙawa."

"Na sani," na ce. "Shi ma Tillbrook ya sani, tun kafin ya shigo gidanka. Shi ya sa ya ce ba zai tilasta maka ba."

Ya mayar da takalmin, ya ɗaure a hankali, ya ce in turo babbar mota gefen kudu nan da rabin awa. Kwana huɗu muka yi, muka gama ana saura yini ɗaya ruwa ya sauko.

Yanzu yana zuwa cin abinci ranar Lahadi, amma ba ma maganar. A lokacin sanyin da ya biyo baya ƙungiyar ta rataye tuta mai sunan Tillbrook a saman filinsu, aka yi biki, Falardeau ne ya yi jawabi. Sun aiko wa Garnet katin gayyata, irin wanda aka buga wa kowa, har sun yi kuskure a sunan mahaifinmu. An sake yi wa ƙafar aiki sau biyu, likita ya ce na gaba haɗe ƙasusuwan za a yi gaba ɗaya, ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Garnet ya ce ya gama da maganar tuntuni. Ni ban gama ba. Na rubuta wa hukumar gasa sau biyar, sun amsa sau ɗaya, kuma ina shirin ta shida.